Daktan da Ba Ya Ba da Magani

A Dandamisa in ka tambayi dattawa wa ake kira Mika'ilu ɗan Malam Inuwa, sai sun ɗan yi lalube. Amma da ka ce Dakta, kowa zai nuna maka gidan. Sunan nan ya bi shi shekara talatin da ɗoriya, alhali bai taɓa karɓar takardar da ake ba mutum kafin a kira shi haka ba, kuma bai taɓa amsa shi da daɗin rai ba.

Mahaifinsa Malam Inuwa malamin zaure ne, magidanta yake karantar da fiƙihu da nahawu in sun taso daga gona. Mahaifiyarsa Azumi 'yar manoma ce daga Kudan. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma Allah ya ba ta baki. 'Ya'ya bakwai ta haifa, biyu suka rayu: Lantana ta fari, sai Mika'ilu na ƙarshe, wanda take ce wa Auta. Kowace safiya in ta durƙusa gaban dutsen niƙa sai ta kama waƙa, ƙasa-ƙasa don kada muryarta ta kai zaure, tunda matar malam ce. Waƙoƙin nata ne, ita take ƙaga su. Akwai ta dawar da take niƙawa, akwai ta 'ya'yan da ta binne, akwai ta kewar garinsu. Mika'ilu ya tashi yana jin su kamar yadda ake jin kukan kurciya, bai taɓa ɗauka abin riƙewa ba ne.

Shekarar da aka ce a kawo yara elementare a Makarfi, Malam Inuwa ya kai gwauro ya kai mari don a bar masa ɗansa, ba a bari ba. Yaron ya wuce midil, ya wuce kwaleji a Zariya, a can aka fara koya musu Latin, harshen Romawan da. 'Yan ajinsu suna ta kuka da yadda ƙarshen kalma yake sauyawa don a gane wa ya yi, wa aka yi wa. Shi kuwa abin bai zama masa baƙo ba, don Larabci ma haka yake, kuma tun yana ɗan shekara takwas yake jin ana wannan lissafin a zauren ubansa. Kafin shekara ta zagayo ya bar kowa a baya. Malamansa suka tura shi jami'a a kudu, ya haɗa da tsohon Girkanci, ya gama a shekarar da aka sami 'yancin kai.

A ɗakin karatu na jami'ar ne wata rana ya ci karo da guntayen waƙoƙin da aka ce matan Girkawa suna yi a bakin aiki, wajen niƙa da saƙa da renon jariri. Guntaye ne sosai, wani layi biyu, wani uku, don ba wanda ya damu ya rubuta su cikakku. Yana karantawa sai ya ji muryar Inna a kunnensa. Daga nan ya san abin da yake so ya yi: ya jera waƙoƙin aiki na Girkawa da na Romawa, ya ajiye na mahaifiyarsa kusa da su, ya nuna abin da mace take faɗa wa dutse a ko'ina take a duniya. Wani tsohon Bature a wata jami'a a Ingila, Farfesa Marden, ya karanta wasiƙarsa ya ce ya zo ya yi digirin dakta a ƙarƙashinsa. Hukuma ta ɗauki nauyinsa na shekara huɗu.

Saura izinin Malam. Ya same shi a zaure bayan la'asar, ɗalibai sun watse, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Wane ilmi ne kuma ya rage maka da sai ka ƙetare teku?" in ji Malam Inuwa.

"Harshen Girkawa ne, Baba, da littattafansu. Su ne Larabawa suke kira Yunanawa."

Fuskar tsohon ta saki. "Yunanawa? Ai su ne masu ɗibbu. Duk littafin magani da ka buɗe sai ka tarar da maganar hukama'unsu, masu hikimarsu, a ciki. To in ka gama me za a kira ka?"

"Dakta."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. "Ashe bokon nan zai yi rana. Tashi ka je, Allah ya yi maka albarka."

Mika'ilu ya ga inda fahimtar ta karkata. Bakinsa ya buɗe zai gyara, sai ya tuna in ya ce waƙar niƙa zai je ya karanta, ba Ingila ba, ko Makarfi ba za a bar shi ya je ba. Ya yi shiru, ya ce a ransa in ya dawo zai yi bayani. Kafin ya hau jirgi labari ya gama gari cewa ɗan Malam ya tafi karatun likita.

Shekara uku ya yi a Ingila. Ya sha sanyi, ya sha kaɗaici, amma aiki ya tafi. Ɓangaren Girkanci ya kammala, na Latin ma haka. Da ya zo kan na Hausa sai ya ga abin da yake kansa bai taka kara ya karya ba: farkon waƙa goma sha ɗaya, ba ko ɗaya da ya iya kai wa ƙarshe. Farfesa Marden ya ce, "Wannan babin shi ne ran littafinka. Koma gida wata shida, ka ɗauko su daga bakinta." Aka ba shi aron rikoda, ƙatuwa mai nauyin rabin buhun gero, da zaren ɗaukar murya da batura.

Ya iso Dandamisa a kakar 1964, ana cikin yankan dawa. Tun daga bakin hanya ya ga mutane suna gaishe shi da wata irin murya, ana cewa, "Sannu da zuwa, Dakta, ka zo a daidai." Bai gane ba sai da ya shiga gida. Inna tana kwance a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, bakinta ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. Lantana, wadda take aure a Malikanchi, tana zaune tana kore mata ƙuda.

"Yaya, me ya same ta?"

"Yau kwana arba'in da biyu," in ji Lantana. "Ta je ɗaukar tulu ta faɗi. Mun aika maka wasiƙa, ina jin kun yi saɓani a hanya."

Ya durƙusa ya ce, "Inna, ni ne, Auta." Ta dube shi, ta gane shi sarai, idonta ya cika. Ta yi ta kokawa da bakinta, abin da ya fito kawai shi ne, "To... to." Tun ranar da ta faɗi, wannan kalmar ita ce duk abin da ya rage mata.

Malam Inuwa ya kira shi zaure. Ya tsufa ƙwarai a shekara ukun nan. Ya ce, "Na yi mata rubutu, na yi tofi, an kawo saiwoyi daga Ikara. Na ce wa mutane su yi haƙuri, ɗana yana hanya. Ga akwatin aikinka ma na ga ka zo da shi. Shiga ka duba ta."

Rikodar yake nufi. Mika'ilu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Baba, a gafarce ni. Ni ba likita ba ne. Wannan akwatin murya yake ɗauka."

"Ba ka ce Yunanawa ba?"

"Na ce. Amma ba maganinsu na karanta ba, waƙoƙinsu na karanta."

"Waƙa," in ji Malam. Ya maimaita a hankali, kamar yana auna kalmar. "To muryar wa ka zo ɗauka?"

"Ta Inna."

Tsohon bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da Mika'ilu ya sami sauƙi. Ya dai jawo carbinsa ya ce, "Ranar da ka zo sallama ka san abin da na fahimta?"

"Na sani, Baba."

"To. Allah ya sa mu dace. Tashi ka ci abinci."

Washegari da hantsi aka cika ƙofar gida. Mai ciwon ido, mai gyambo, mace da jariri yana ta zawo, wani tsoho da aka ɗauko a jaki daga ƙauye. Mika'ilu ya fito ya yi musu bayani da Hausa tsantsa cewa shi bai san magani ba. Ba su yarda ba. Wani ya ce rowa ce irin ta 'yan boko, wani ya ce sai ya huta tukuna. Matar nan mai jariri ta riƙe bakin rigarsa ta ce, "Dakta, ko kallonsa ka yi." Ya kalle shi. Ya ga idon yaron ya faɗa, bai san komai ba bayan wannan. Ya ce ta hanzarta ta kai shi ɗakin shan magani a Makarfi, ya raka ta har bakin hanya ya tare mata mota. Bayan kwana biyu ya ji yaron ya rasu.

Ya ɗauki Inna a mota ya kai ta asibiti a Zariya. Likitan ya duba ta da kyau, ya yi masa magana da Turanci kamar abokin aiki, ya ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, abin da ya tafi ya tafi. A riƙa juya ta don kada jikinta ya yi gyambo, a riƙa motsa mata hannu, a riƙa yi mata hira. Sunan cutar da likitan ya faɗa kalmar Girkanci ce. Mika'ilu ya san asalinta, ya san yadda aka gina ta gaɓa-gaɓa. Iyakar abin da karatunsa ya iya yi wa uwarsa ke nan.

Suka dawo gida. Lantana ba za ta iya barin mijinta da 'ya'yanta har abada ba, sai ta riƙa zuwa kwana uku ta koma. Wata maƙwabciya tana taimakawa da wanka da girki, amma ɗagawa da juyawa sai mai ƙarfi. Ya zama aikin Mika'ilu.

Tsakanin haka bai bar neman waƙoƙin ba. Ya fara da Lantana. Ta yi ƙoƙari, ta kama wannan ta saki, ta kama waccan. "Amshin kawai na riƙe," in ji ta. "Wa ya san za a neme su? Mu yanzu injin niƙa muke aika wa." Gaskiya ta faɗa. An kafa inji a Makarfi, an kafa a Ikara, duwatsun niƙa sun koma wurin zaman kaji. Ya ɗaura rikoda a bayan keke ya shiga ƙauyuka. Shi namiji ne baligi, ba ya shiga cikin gida, sai ya tsaya a zaure ya roƙi maigida. Wasu su ce matansu ba sa waƙa. Wani a Malikanchi ya ce masa, "Ka ɗauki muryar matata a akwati ka kai wa Turawa su saurara? Malam, don darajar mahaifinka na bar ka ka gama maganar."

A Kudan ya sami Zulai, ƙawar Inna ta ƙuruciya, tsohuwar da ta wuce kulle. Ta karɓe shi da murna, ta yi kuka da ta ji halin da ƙawarta take ciki. Ta yarda ta yi waƙa, amma ta ce ba ta fitowa sai hannu yana kan dutse. Aka wanke wani tsohon dutse, aka zuba dawa. Ta yi masa uku, numfashinta yana yankewa. Da ya kunna mata ta ji muryarta sai ta rufe baki tana dariya. Sannan ta ce, "Amma fa ɗana, waɗannan na kowa ne, kowace yarinya a garin nan ta iya su a da. Na Azumi daban ne. Ita ba ta maimaita ta wani, kuma ba ta ba kowa nata ba. Ku da kuke cikin gidan, ku ne kuka ji."

Ya tura kekensa ya dawo, bai hau ba sai da ya yi nisa.

Wata safiya cikin bazara injin Makarfi ya lalace, gida ba gari. Lantana tana nan, sai ta jawo tsohon dutsen Inna ta durƙusa. Mika'ilu ya fito da Inna ya jingine ta da bango tana shan iska, yana murza mata yatsu. Dutse ya fara ƙara, gurr, gurr. Can sai ya ji wani sauti kusa da shi. Inna ce. Idonta yana kan hannun Lantana, kanta yana bin tafiyar dutsen, kuma kalmomi suna fita daga karkataccen bakin nan, a sarari, ɗaya bayan ɗaya:

"Dawa ki yi haƙuri, ni ma niƙa ni ake,
Wanda ya shuka ki bai tambaye ki ba.
Biyar na kai gona ba su tsiro ba,
Biyun da suka tsiro, iska ki bi a hankali."

Lantana ta ɗago a firgice, ya yi mata alama da hannu kada ta tsaya. Rikoda tana ɗakinsa a ƙofar gida. Ya rasa abin yi: ya zauna ya saurara, ko ya tashi ya ɗauko. Ya tashi da gudu. Kafin ya kinkimo ta, ya zare murfi, ya ɗaura zare, waƙar ta yi nisa, yana jiyo ta daga nesa ba ya rarrabe kalmomin. Da ya dire akwatin a gabanta ya miƙa mata abin magana, sai ta dube shi, ta dubi akwatin, ta yi shiru.

"Inna, ci gaba. Don Allah, Inna."

"To," in ji ta. "To."

Lantana ta niƙa dawar nan har ta ƙare, ta ƙaro wata. Washegari suka sake, da jibi, da rikoda a ɓoye bayan tabarma. Ba ta ƙara yi ba. Ya tambayi Lantana abin da ya biyo bayan layi huɗun nan, ta ce wallahi kuka ya hana ta ji. Ya rubuta huɗun a takarda. Har ya mutu yana cewa da ya zauna, da ya ji ta har ƙarshe.

Wata shidan suka cika, ya rubuta ya nemi ƙari. Amsar da ta zo ba daga Farfesa Marden ba ce, don ya rasu a cikin hunturu. Wanda ya gaje shi ya rubuto cikin ladabi cewa ya karanta aikin, ɓangaren Girkanci da Latin ya isa a ba da digiri a kansa. Amma ba su da wanda zai iya jarraba shi a kan Hausa, kuma waƙa uku da layi huɗu ba za su ɗauki babi ba. Shawararsa ita ce a cire wannan ɓangaren, ya dawo ya zauna wata tara ya gyara sauran, ya kare shi a gaban malamai. Ya kuma roƙi a maido da rikodar.

Mika'ilu ya yi sati yana yawo da wasiƙar a aljihu. A cire Inna daga littafin da ita ce dalilinsa, wannan ɗaya. Na biyu kuma, wa zai ɗaga ta? Ya kai maganar gaban Malam.

"Ba zan hana ka ba," in ji tsohon. "Wancan karon ma ban hana ka ba. Amma ka dube ni. Jiya na gwada juya ta, sai da muka faɗi tare."

Ya rubuta wa hukumar da ta ɗauki nauyinsa ya roƙi a ɗaga masa shekara guda. Aka ce ana dubawa. Yana jiran amsa sojoji suka yi juyin mulki a farkon 1966, ofisoshi suka rikice, waɗanda suka san takardunsa aka sauya musu wurin aiki. Ya je Kaduna sau huɗu. Kowane zuwa sai a ce ya dawo, fayil ɗin yana wani ofis. A zuwa na huɗu wani akawu ya ji tausayinsa ya ce, "Malam, ƙasa tana neman injiniyoyi da likitoci da sojoji. Ko an ga fayil ɗinka, wa zai sa hannu a kan Girkanci yanzu?" Bai sake komawa ba. Rikodar ya aika da ita ta jirgin ruwa.

Ya kama aikin koyar da Latin a wata sakandare da keke yake kai shi, don ya riƙa kwana a gida. Ya auri Hussaina, 'yar wani ɗalibin mahaifinsa, mace mai haƙuri wadda ta karɓi rabin jinyar. Inna ta rasu da daminar 1967, shekara uku ba kaɗan tana kwance. Malam Inuwa ya bi ta bayan wata goma sha huɗu. Kafin ya rasu ya taɓa ce wa ɗansa ya karanta masa abin da ya rubuto daga bakinta. Ya karanta masa layi huɗun. Da ya gama, tsohon ya ce, "Shekara arba'in muna gida ɗaya, ban san tana faɗin irin wannan ba."

A lokacin babu sauran abin da ya riƙe Mika'ilu, sai dai ƙofar ta riga ta rufe. Jami'ar ta rubuto cewa wa'adin rajistarsa ya wuce. Ana cikin yaƙin basasa, ba mai maganar tura ɗalibi waje don irin wannan karatu. Ba a jima ba kuma makarantarsu ta cire Latin daga darussa, don yara uku ne kacal suka zaɓe shi a shekarar. Aka ba shi Turanci da tarihi. Ya koyar da su shekara goma sha tara, kuma ɗalibansa sun ce malami ne mai kyau, ba ya duka, sai dai wani lokaci yakan tsaya a tsakiyar darasi ya bi asalin wata kalma har a buga ƙararrawa.

Da ya yi ritaya ya koma noman rake da masara a gonar gado. Ya rasu a 1996 bayan gajeriyar rashin lafiya, ya bar Hussaina da 'ya'ya biyar. Wajen rabon gado, littattafan Larabci na Malam Inuwa ba su ba da wahala ba, jikoki masu karatu suka raba. Na Girkanci da Latin, da ƙunshin aikinsa shafi ɗari uku da wani abu da aka buga da tafireta, malaman da suka zo rabo suka juya su suka rasa a wane gefe za su sa su. Babbar 'yarsa Ummulhairi, ungozoma ce a Ikara, ta ce a ba ta. Suna cikin kabad a ɗakinta. Ba ta iya karanta su, amma duk shekara in damina ta wuce takan fito da su ta shanya.